Shimpakun Kawaguchi: bishiyar da aka sace, masu ita na roƙon ɓarawo ya ba ta ruwa

A watan Janairun 2019 ɓarayi suka shiga wani lambun bonsai, wato ƙananan bishiyoyin ado da ake reno a kasko, a garin Kawaguchi da ke lardin Saitama, arewa da Tokyo, suka yi awon gaba da bishiyoyi bakwai. Lambun na ɗauke da bishiyoyi kusan 3,000, amma hannunsu bai sauka ko'ina ba sai kan mafiya daraja, abin da ya nuna ba 'yan tsautsayi ba ne, sun san abin da suka zo nema. An ƙiyasta kuɗin bakwai ɗin a kan aƙalla yen miliyan 13 na kuɗin Japan. Uku daga ciki goyomatsu ne, bishiya mai ganye kamar allura, huɗu kuma shimpaku, wani nau'in junifa (bishiyar da ba ta zubar da ganye) da ke fitowa a kan duwatsun Japan. Cikin huɗun nan akwai wadda aka ce shekarunta sun kai 400. Tsayinta bai wuce mita 1 ba, gangar jikinta a murɗe take, kuma ana cikin shirin kai ta gasa a watan da ke biye.

Maigidan da ke da lambun shi ne na biyar a jerin masu wannan sana'a a gidansu, gadon da ya faro tun zamanin Edo, wato tsakanin 1603 zuwa 1868. Labarin bai tsaya a Japan ba, ya zagaya duniya, kuma abin da ya ɗauke shi ba yawan kuɗin ba ne. Maganar uwargidan ce. Ta ce sun riƙi bishiyoyin nan tamkar 'ya'yan cikinsu. Sannan ta juya ga wanda ya ɗauke su, ba da zagi ba, da roƙo: ya taimaka ya riƙa ba su ruwa, domin tsohuwar shimpakun ba za ta kai mako guda babu ruwa ba.

Da yawa sun ɗauki maganar a matsayin ta mai baƙin ciki, wadda zuciya ta rinjaya. Ni kuwa ina ganin babu wanda ya faɗi magana mai nauyin ilimi a kan lamarin kamar ita. Duk wanda ya san yadda murɗaɗɗiyar shimpaku ke rayuwa ya san cewa ɗaukar ta daga kan benci aikin minti biyu ne, riƙe ta a raye kuwa wani abu ne daban, kuma shi ne ba a iya sacewa.

Mu fara da lanƙwasar kanta. Irin wannan murɗiya ta tsofaffin shimpaku ba hannun mutum ne ya fara ta ba. A ƙarshen ƙarni na 19 aka soma ciro su daga tsaunin Ishizuchi a tsibirin Shikoku, daga baya masu nema suka koma yankin Itoigawa a lardin Niigata, inda suke fitowa a tsagar dutse, a bango mai tsayin da sai an ɗaura igiya a ƙugu ake sauka wurinsu. A can dusar ƙanƙara ke danne bishiya wata da watanni, iska ta kaɗa ta gefe guda, dutse ya gangaro ya saɓule mata ɓawo. Sashen da ya ji rauni ya mutu ya bushe, sashen da ya rage ya kewaye shi ya ci gaba da neman rana. Shekara ɗari, ɗari biyu, sai ka ga ganga ta zama kamar an murɗe ta da gangan. Neman ya yi yawa har yau da wuya a sami irinsu a daji, shi ya sa waɗanda ke hannun mutane suka yi tsada haka. Sababbin da ake sayarwa yanzu yanka reshe ake yi a dasa, a naɗa masa waya tun yana siriri, a lanƙwasa shi yadda ake so. Suna da kyau, amma mai ido yakan bambance lanƙwasar waya da ta dutse tun daga nesa: ta waya takan zo daidai wa daida, ta dutse kuwa ba ta da lissafi.

To, ga inda haɗarin yake. Idan ka tsaya gaban irin wannan bishiya, mafi yawan abin da kake gani matacce ne. Farin itacen da ya tuɓe a jikin ganga, wanda suke kira shari, da busassun rassan da aka feƙe, waɗanda suke kira jin, babu ɗigon ruwa da ke bi ta cikinsu. Rayuwar bishiyar gaba ɗaya tana rataye ne a kan wata jijiya mai launin ja-ja-ƙasa, wani lokaci faɗinta bai fi yatsu biyu ko uku ba, wadda ta taso daga saiwa, ta bi lanƙwasar ganga tana zagayawa, ta ɓuya a baya, ta sake ɓullowa a gaba, har ta isa ga ganye. A tsohuwar junifa, kowace jijiya da saiwoyinta, kowace kuma da rassan da take ciyarwa. Idan saiwoyin gefe guda suka bushe, reshen da ke kansu ne zai mutu, ko da yana ɗaya gefen bishiyar saboda murɗiya. Idan aka sare wani reshe ba tare da an bi sawun jijiyarsa ba, jijiyar na iya bushewa tun daga sama har ƙasa. Kuma idan wani ya rungumi gangar da sauri cikin duhu ya cusa ta a bayan mota, gogar ƙarfe ɗaya a daidai wurin ta isa ta yanke hanyar. Bishiyar da take tsaye sak da ɓawo ko'ina tana da hanyoyi da yawa, in ɗaya ta toshe wata ta ɗauka. Wannan ba ta da wannan gatan.

Shi ya sa mai irin wannan bishiya yakan san jijiyar fiye da yadda ya san ganyen. Lokaci zuwa lokaci yakan zauna da matsefata da ɗan burushi yana ɓamɓare tsohon ɓawon da ya yi sako-sako a kanta, a hankali, har jan launin ya fito. Ana yin haka don kyau, gaskiya ne, domin farin shari da jan jijiya da koren ganye su ne abin da ido ke nema a jikin shimpaku. Amma akwai dalilin da ya fi wannan: ƙarƙashin tsohon ɓawo ne tsutsar da ke huda itace take ɓuya, kuma tsutsa guda a cikin siririyar jijiya ta isa ta kashe rabin bishiya kafin a ankara.

Yanzu batun ruwa, wanda shi ne roƙon uwargidan. Masu sana'ar a Japan suna da wata magana, cewa koyon ban ruwa kaɗai shekara uku ne. Wanda bai sani ba zai ce an kai abin da nisa. Amma a duba inda bishiyar take zaune. Kasko ne marar zurfi, da ramuka a gindi, kuma abin da ke cikinsa ba ƙasar noma ba ce. Tsakuwar yumɓu ce da suke kira akadama, wadda ake haƙowa daga ƙasar da duwatsu masu aman wuta suka bari a yankin Kanto, inda Tokyo da Saitama suke, a gauraya ta da tsakuwa mai ramuka-ramuka irin kiryu. An zaɓe su ne don ruwa ya wuce nan da nan, iska ta biyo bayansa, saiwa ta sha ta kuma numfasa. Amfanin ke nan, kuma shi ne kuɗin da ake biya: babu ajiya. Abin da aka zuba da safe shi ne abincin yinin.

A tsakiyar zafi ana iya ba bishiya ruwa sau biyu ko uku a yini. A lokacin sanyi sai a koma sau ɗaya bayan kwana biyu ko uku. Amma ba kalanda ake bi ba, ƙasar ake dubawa. Akadama idan ta jiƙe takan yi duhu, idan ta fara bushewa ta yi haske, mai lambu kuma yakan tura yatsa ya taɓa ƙasan saman. Idan lokaci ya yi, sai ya ɗauko buta mai rariya a baki, ya zuba har ruwa ya zubo ta ramukan gindi, ya ɗan dakata, ya sake zubawa, domin zubin farko sau da yawa gefen kasko yake bi ya tsere ba tare da ya shiga tsakiyar saiwa ba. Sannan ya yayyafa wa ganyen, don shimpaku na son ruwa a ganye. Bishiyoyi biyu a benci ɗaya, ɗaya ta bushe ɗaya ba ta bushe ba, saboda ɗaya ta fi ganye, ko kaskonta ya fi ƙanƙanta, ko iska ta fi bugun ta. A lambu mai bishiya 3,000 ana yin wannan hukuncin sau 3,000.

Wani zai ce ai a Janairu aka yi satar, cikin sanyi, bishiya na barci, mako guda ba zai yi mata kome ba. Wannan bai san sanyin Saitama ba. Dusar ƙanƙara mai yawa tana zuba ne a ɗaya gefen tsaunuka, wajen Tekun Japan. Iskar da ta tsallako zuwa Kanto ta riga ta zubar da ruwanta, sai ta iso a bushe, da ƙarfi, suna kiran ta karakkaze. Wanda ya san yadda iskar hunturu ke tsage leɓe da dunduniya a Kano ko Damagaram ya san aikinta. Junifa ba ta zubar da ganye, don haka ko cikin sanyi tana fitar da ruwa. Idan dare ya daskarar da kasko, saiwa ba ta iya sha, iska kuma na ci gaba da zuƙe ganye. Don haka ake jira sai hantsi ya ɗaga, ƙasa ta saki, kafin a ba da ruwa.

Abin da ya fi ba ni tsoro a lamarin shi ne halin junifa na ɓoye mutuwarta. Wasu bishiyoyi idan ƙishi ya kama su ganye yakan yi laushi ya sunkuya, ka gani ka ruga da ruwa. Ita kuwa takan ci gaba da zama kore makonni bayan saiwarta ta mutu. Sai daga baya launin ya dushe, ganyen ya yi ƙarau, ka taɓa ya karye. A lokacin da ido ya gane, an daɗe da rasa ta. Wanda ya ajiye ta a ɗaki yana leƙa ta kowace safiya zai riƙa ganin lafiya lau. Uwargidan ta san wannan, shi ya sa ba ta ce a ba ta ruwa idan ta nuna alamar ƙishi ba. Ta sa wa'adi.

Maganar ɗaki ma wata matsala ce. Shimpaku bishiyar waje ce, tana son rana sosai da iska mai kaɗawa, tana kuma buƙatar sanyin hunturu don ta huta. Watan Fabrairu babban wata ne ga masu wannan sana'a, domin a cikinsa ake yin Kokufu-ten a gidan adana kayan fasaha na birnin Tokyo da ke Ueno, baje kolin da aka fara tun 1934. Ko a can, inda ƙwararru ke tsaye a kan bishiyoyin, kwanaki kaɗan ake barin su a cikin gini, har akan raba baje kolin gida biyu a sauya su. Ɓarawo kuwa ba shi da inda zai ajiye bishiyar da hotonta ya cika jaridu sai bayan rufaffiyar ƙofa. A nan zan ɗan ratse: ƙananan junifa masu lanƙwasa da ake sayarwa a kantuna a ƙasashe da dama, a ɗora su kan teburin ofis ko kan talabijin, yawancinsu wannan ne ke kashe su. Mai ita ya yi ta zuba ruwa yana mamaki, alhali rana ce ta rasa.

Bishiyar da ake shirin kai wa gasa kuma ta fi kowace rauni. Akan gyara mata rassa da siririyar waya, a shimfiɗa gansakuka a saman ƙasa, wani lokaci a sauya mata kasko zuwa tsohon kasko mai daraja wanda ya dace da ita. Duk waɗannan taɓawa ne, kuma kowace taɓawa tana cin ƙarfin bishiya.

Wayar na da ƙa'idarta. Ga junifa da danginta ana amfani da jan ƙarfe da aka gasa ya yi laushi, wanda ke taurara bayan an naɗa shi, alminiyom kuma a bar wa masu zubar da ganye. Kaurin waya wajen kashi ɗaya cikin uku na kaurin reshe, a naɗa ta a karkace, ba a matse ba, ba a sake ba. An fi yin aikin daga kaka zuwa ƙarshen sanyi, domin lokacin da bishiya ke tsakiyar girma ɓawonta na saɓulewa da sauƙi, kuma idan ya rabu da itace a ƙarƙashin waya reshen ya tafi. Idan reshe mai kauri za a lanƙwasa, sai a jiƙa zaren tukurwa a naɗe shi tam kafin a sa waya, don ya riƙe ɓawo kada ya tsage. Bayan nan sai sa ido. Reshe na kauri, waya ba ta buɗewa, idan aka yi sakaci ta nutse cikin ɓawo ta bar tabon da zai daɗe. Cirewa kuma ba warwarewa ake yi ba, yankawa ake yi gunduwa-gunduwa. Abin haushin junifa shi ne taurin kanta: ka cire waya, bayan ɗan lokaci rassan su fara ɗagowa sama suna neman rana, siffar da aka sha wahala a kanta ta fara watsewa. Dole bayan 'yan shekaru a sake zama. Gangar da dutse ya murɗa ba ta komawa, amma rassan da ke sa a ga murɗiyar, waɗanda aka jera don su buɗe nan su rufe can, kullum cikin gudu suke.

Ganye ma haka. Ƙarfin junifa a ganyenta yake, musamman a kan tsiron da ke miƙewa. Wanda ya bi ya tsinke kan kowane tsiro don bishiya ta yi sumul, a hankali yake raunana ta. Abin da ake yi shi ne a bar ta ta miƙe, sannan a shiga da almakashi a yanke dogayen daga ciki, a rage cunkoso don haske ya ratsa, a cire wanda ya rataya ƙasa. Idan aka wuce gona da iri takan nuna fushinta: maimakon lallausan ganyenta sai ta fito da wani mai tsini yana suka, irin na ƙuruciya, kuma yakan ɗauki shekara ɗaya ko biyu kafin ta huce.

Mataccen itacen shi ma yana neman kulawa, ko da yake ba ya sha. Ruwan sama na jiƙa shi, gansakuka ta hau, ruɓa ta fara, musamman a gindi inda shari ya taɓa ƙasa mai laima. Sau ɗaya ko biyu a shekara akan wanke shi da burushi, a shafa masa ruwan haɗin farar wuta da farar ƙasa, mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, wanda ke shiga da launin rawaya ya bushe ya koma fari. Ana shafawa da ɗan ƙaramin burushi, ana kiyaye kada ya taɓa jijiya ko ya ɗiga cikin ƙasa. Shekara na tafiya jijiya na kumbura tana fitowa waje, mataccen itace na raguwa, don haka siffar da aka gani a hoton shekara 30 da suka wuce ba ita ce ta yau ba.

Sauran ayyukan sanannu ne. Sauya ƙasa bayan shekara uku zuwa biyar ga tsohuwar bishiya, a farkon lokacin tsiro, ba tare da an wanke saiwa tas ba, kuma ba a shekarar da aka yi mata babbar lanƙwasa ba. Taki ɗan kaɗan, dunƙulen tunkuzar iri da ake ɗorawa a kan ƙasa. Ƙananan ƙwari masu saƙa a ganye lokacin zafi, waɗanda ake ganewa ta hanyar kaɗa reshe a kan farar takarda a ga ɗigo-ɗigo na motsi. Da cutar tsatsa da ke yawo tsakanin junifa da nashi, wani itacen marmari na Japan, wadda ta sa wasu garuruwan masu noman nashi a lardin Chiba suka kafa dokar hana dasa dangin junifa kusa da gonakinsu.

Idan aka haɗa waɗannan, za a ga tarkon da mai satar irin wannan bishiya ke faɗawa. A cikin Japan da wuya ya sayar da ita, don manyan bishiyoyi sanannu ne, an ɗauki hotonsu, masu sana'a na gane su kamar yadda ake gane fuska, kuma lanƙwasar ganga ba ta sauyuwa. Fitar da ita waje ta halal na buƙatar takardu. Tarayyar Turai, alal misali, tana sharɗanta cewa junifar da za a shigo da ita daga Japan ta yi aƙalla shekara biyu a lambun da hukuma ta yi wa rajista tana duba shi. Hanyar da ta rage ita ce ta ɓoye, cikin kwali, cikin duhu, kwana da kwanaki, wato dai duk abin da bishiyar ba ta jurewa. Ko ta isa da rai, sai an sami hannun da ya san jijiyarta, kuma masu irin wannan hannu ba su da yawa, sun kuma san juna.

Akwai asarar da ba ta shiga lissafin yen miliyan 13 ba. A lokacin satar lambun a buɗe yake, maigidan ya bar shi haka don masu sha'awa su shigo su tsaya kusa da bishiyoyi su kalla. Wannan tsohuwar al'ada ce a yankin. Unguwar Angyo ta Kawaguchi ta yi suna da renon itatuwa tun zamanin Edo, ga kuma ƙauyen bonsai na Omiya a nan kusa, wanda masu sana'ar suka kafa a 1925 bayan girgizar ƙasar 1923 ta kore su daga Tokyo, inda har yau baƙo ke shiga lambu ya zagaya. A irin wannan zagaye ne yaro ko baƙo ke fara ganin yadda ake riƙe buta da yadda ake bin jijiya, daga nan wasu suke zama almajiran sana'ar. A shekarun da suka biyo baya satar bonsai ta ƙaru a sassan Japan, masu lambu suka shiga kafa kyamarori da shinge, wasu har suna ɓoye na'urar bin sawu a jikin kasko. Ban ga laifinsu ba. Amma shinge na tare iska, rumfa mai kulle na tare rana, kuma bishiya mafi daraja ita ce aka fi son a ɓoye, alhali ita ce ta fi buƙatar fili. Mai lambu a yau yana auna wannan kowace yamma kafin ya rufe ƙofa: ya shigar da ita inda ɓarawo ba zai kai ba, ko ya bar ta a kan benci inda raɓa da iskar asuba za su same ta.